Don Allah ku daina miƙa waya a loda muku abin da ba ku sani ba

Assalamu alaikum jama'a. Ni malamin gona ne a nan yankin Argungu, abin da aka ɗauke ni in yi shi ne maganar iri da taki da feshi da yadda za a yi da tsutsa in ta faɗa wa masara. Amma wallahi daga girbin shinkafar rani zuwa yau kusan duk ƙauyen da na shiga sai wani ya ja ni gefe ya miƙo min waya, "Malam duba min wagga waya, ban san abin da ya same ta ba." Tun ina cewa ba fannina ba ne har na gaji na koma ina zama wurin masu gyaran waya ina tambaya, ina tambayar yaranmu da suka karanci kwamfuta, ina bin sanarwar hukumar sadarwa ta NCC, saboda abin ya kai inda ba zan iya yin shiru ba.

Akwai wani dattijo da muka shafe shekaru muna aikin fadama tare, mutum ne mai tsantseni, ko buhun taki ba ya saye sai ya juya shi ya duba ɗinkinsa. Ya sayar da shinkafarsa, kuɗi suka shiga akawun, bayan kwana biyu ya je wurin mai POS zai ciri na sallamar masu aiki aka ce masa babu komai a ciki. Ya same ni idonsa ya yi ja, ya ce "Malam, wallahi ban ba kowa lambata ba, ko ɗiyana ba su san ta ba." Na ce Baba na yarda, kawo wayar. Ina dubawa sai ga wata manhaja mai launin tutar ƙasa an rubuta mata tallafin taki. Na ce Baba wa ya sa maka wannan? Ya ce wani yaro ne a kasuwa, ya ce kowa na cikewa kuma ana gab da rufewa. To gaskiya ya faɗa, bai ba mutum lambarsa ba, amma ya rubuta BVN da lambobin katinsa a cikin fom ɗin manhajar da hannunsa, sannan da ta nemi izinin karanta saƙonnin wayar aka danna mata eh. Shi ke nan, duk lambar sirrin da banki ya turo ta tabbatarwa sai ta wuce wurin ɓarawo kafin ma Baba ya ji ƙarar wayarsa. Noman rani guda, da kuɗin man injin ban ruwa, da korar jan-baki tun asuba, duk ya tafi.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Abin da ke ci min rai kenan. Duk wanda na duba wayarsa, in na bi diddigi, wuri ɗaya nake komawa: an loda masa wani abu daga inda bai sani ba. Ko ta Xender daga wayar aboki, ko ta linkin da aka jefo a guruf ɗin WhatsApp, ko ya ba mai caji memori ya ce a cika masa da wasanni da fina-finai, ko ya sayi sabuwar waya ya ce wa mai shago "saka min komai da komai." Komai da komai fa! Haba jama'a. Ku da in wani ya zo muku da iri a leda ba suna ba takarda sai kun tambaye ni sau uku kafin ku shuka, amma wayar da kuɗinku ke ciki, da hotunan iyalinku, da lambobin duk mutanen da kuka sani, ita ce kuke miƙa wa duk wanda ya ce kawo.

Mu a nan komai bairos muke ce masa, amma masana sun ce iri-iri ne, kamar yadda ƙwarin gona ba ɗaya ba ne. Dukkansu dai muguwar manhaja ce da wani ya zauna ya rubuta da gangan don ya cuce ka. Ba zafi ke kawo ta ba, ba tsufan waya ba ne, mutum ne ya ƙirƙira.

Wadda ta ci Baba ita ake kira turojan, kuma ita ce ta fi yi mana ɓarna. Kura ce da fatar akuya, za ta zo maka a matsayin abin amfani, manhajar tallafi, ko ta rance, ko ta kallon ƙwallo kyauta, ko wai ta data kyauta, kai da kanka za ka buɗe mata ƙofa ka ce bismillah. Ba ta iya shiga sai ka saka ta, shi ya sa nake ta nanata maganar lodi. A watan Oktoban 2021 hukumar NCC ta fitar da gargaɗi kan wata mai suna Flubot, wadda a lokacin take zuwa ta saƙon tes wai kana da kaya a hanya ka danna linki ka sauke manhaja ka gani, in ka sauke sai ta riƙa shimfiɗa shafin bogi a kan manhajar bankinka, kana rubuta lambar sirri kana zaton bankinka kake ba, ashe ɓarawo ne ke karɓa. Sannan ta kwashi lambobin da ke wayarka ta tura musu irin saƙon. To ka ga ba kanka kaɗai ka jawo wa ba, har da surukinka da limaminku.

Su ma ɓarayin nan sun san abin da suke yi. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, manomanmu da yawa suka buɗe akawun suka yi BVN, kunnenmu kuma ya saba da kalmar tallafi, to da ita suke kama mu. Ku ji ni da kyau, ni a cikin aikin nan nake, ban taɓa ganin tallafin gaskiya da ya zo ta manhajar da yaro zai tura maka ta Xender a bakin kasuwa ba. In akwai abu za ku ji ta shugaban ƙungiya, ta ofishin gona, ta rediyo, ko ta bakinmu. Kuma ba mai ba ka taki da zai buƙaci lambobin bayan katin ATM ɗinka. Me zai yi da su?

Yanzu ku matasa, ku nake so mu yi magana, don ku ne kuke loda wa iyayenku. Wannan GB WhatsApp da danginsa da kuke yawo da su, wai don ka ga saƙon da aka goge, ko ka karanta ba a san ka karanta ba, ko ka ɓoye kana kan layi. Don wannan ɗan abin ka ɗauki manhajar da ba ka san wanda ya taɓa ta ba ka ba ta izinin komai na wayarka? Ba a Play Store take ba, kamfanin WhatsApp bai san da zamanta a matsayin tasa ba, har rufe akawun ɗin WhatsApp na masu amfani da ita yake yi. A 2021 kamfanin tsaro na Kaspersky ya gano wata muguwar manhaja mai suna Triada a cikin wani samfurin FMWhatsApp, a 2022 kuma ya sake ganinta a cikin YoWhatsApp, duka biyun dangin GB WhatsApp ne, tana iya yi wa mutum rajistar abin biya bai sani ba, tana iya sa a ƙwace masa akawun ɗin WhatsApp ɗin gaba ɗaya. Sai ka ji an ce wane ya turo saƙo yana neman a ranta masa kuɗi cikin gaggawa, alhali wane yana gona bai ma san an yi ba. Na faɗa, na sake faɗa, in na juya baya a sake turawa juna. Wallahi abin na ba ni haushi, kuma don ina ƙaunarku ne nake faɗa, da yawanku a gabana kuka girma.

Akwai kuma ta leƙen asiri. Ita ba ta da hayaniya, tana zaune shiru tana kwasar saƙonni da hotuna da inda kake, wata ma har abin da kake dannawa take rubutawa. Wannan ita ce nake ji wa mata tsoro. Wata baiwar Allah a ƙungiyar masu turara shinkafa ta sa mijinta ya kawo min wayar 'yarsu, sun sauke wata manhajar rance ta linki, ta kwashe duk lambobin wayar da hotuna, da aka yi jinkirin biya kwana kaɗan sai aka fara tura wa dangi da maƙwabta saƙon cin mutunci da hoton yarinyar. Kuɗin da aka ranta bai kai na buhun shanshera ɗaya ba, amma kunyar da gidan nan suka sha Allah kaɗai ya sani. Iyaye mata don Allah ku riƙa tambaya me ke cikin wayoyin nan.

Mai talla kuwa kusan kowa ya santa ko bai san sunanta ba, ka ɗauki waya za ka kira sai talla ta fado, wani lokaci hoton da ba za ka so ɗanka ya gani ba, batir ba ya kai azahar, waya ta yi zafi, data ta ƙare ba ka kalli komai ba, ka sa kati a zuƙe. Sai a ce kamfanin layi ne ɓarayi ko wayar ce ta tsufa. Wani lokacin abin da aka loda maka ne ke ci.

Bairos na asali shi ne mai maƙalewa a jikin fayil yana bin filash da memori, irin wanda sakatarorin ƙungiya ke kwasowa a shagon buga takardu, ka dawo ka tarar sunayen membobi duk sun ɓace sai wasu gajerun alamomi da ba sa buɗewa. Akwai wadda ake kira tsutsa, ita ba ta jiran kowa, da kanta take tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta, kamar dai tsutsar nan mai cin masara da ta bayyana a ƙasar nan a 2016 ta bi gona-gona. Sai ta garkuwa, wadda ba sai na yi wa mutumin Kebbi ko Zamfara dogon bayani ba, mun san zafin kalmar, Allah ya kawo mana ƙarshensa. Ita fayilolinka take kullewa ta ce sai ka biya kuɗin fansa. A watan Mayun 2017 wata mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150 cikin 'yan kwanaki, har asibitocin Ingila sai da suka riƙa mayar da marasa lafiya gida saboda kwamfutocinsu sun kulle, kuma waɗanda ta fi kamawa su ne waɗanda ba su sabunta Windows ɗinsu ba. In ta yi wa Ingila haka, ina ga kwamfuta ɗaya tilo da ke ofishin ƙungiya wadda kowa ke soka wa filash?

Wani zai ce min Malam ni me nake da shi da za a sata. Kana da layi, layinka na haɗe da NIN ɗinka da akawun ɗinka, kana da sunanka na mutumin kirki wanda in aka roƙi kuɗi da shi za a bayar. Wannan ya ishi ɓarawo. Wani kuma ya ce ai data ke da tsada shi ya sa muke turawa ta Xender. Na sani, ni ma saye nake. A tura karatu, a tura wa'azi, a tura hoto, ban hana ba, amma manhaja, wadda za a danna a girka a cikin waya, a'a. Kuɗin datar da za ka sauke ta daga Play Store bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Ba na ce duk abin da ke Play Store tsarkakakke ne ba, can ma miyagu kan sulale su shiga kafin a kama su a cire, amma can akwai masu gadi, a wayar abokinka kuwa wa ke gadi?

To ga abin da nake roƙo, a taƙaice don na yi tsawo:

Manhaja daga Play Store kawai, ba ta linki ba, ba ta Xender ba, ba ta hannun mai caji ba.
GB WhatsApp da ire-irensa a goge yau, a sa na asali.
Manhajar tocila ko wasa in ta nemi izinin saƙonni ko lambobi ko hotuna, a ce a'a, a goge ta.
BVN, lambar kati, fin, da lambar da banki ke turowa, ba a rubuta su a fom ɗin da ya zo ta WhatsApp.
In waya ta ce a sabunta, a sabunta. A bar Play Protect, mai gadin nan da ke cikin Play Store, a kunne.
Za ka ba da caji, kashe wayar ko ka kulle ta, ka cire memori.
Sakatarori ku ajiye kwafin takardunku a wuri na biyu, har da na takarda.

In kuwa ka riga ka saka, ko ka ga alat na kuɗin da ba kai ka cire ba, kar ka tsaya jin kunya ko jiran gobe, Baba kwana biyu ya yi yana tunanin ko matsalar netwok ce. Kashe data nan take, ka ari wayar wani ka kira bankinka a rufe akawun da katin, kowane banki na da lambar rufewa ta gaggawa, ka tambaya ka rubuta ta a takarda tun yanzu ka ajiye a gida. Sannan a kwashe hotuna da lambobi a wanke wayar gaba ɗaya ta koma kamar sabuwa, a canja duk lambobin sirri, a sanar da 'yan uwa kar su amsa saƙon neman kuɗi da sunanka. Masu fama da cirar kati ba dalili ku tura STOP zuwa 2442, in abin bai tsaya ba ku kira NCC a 622, kyauta ne.

Taron ƙungiya mai zuwa, bayan mun gama maganar irin damina, zan zauna ƙarƙashin bishiya har la'asar tare da wani ƙanena da ya san harkar, kowa ya zo da wayarsa da caji a ciki, har da ta matan gida in sun yarda, mu duba ɗaya bayan ɗaya. Ba ko sisi. Wanda kuma na tarar da GB WhatsApp a wayarsa bayan duk wannan bayanin, to ya shirya, a gaban kowa zan yi masa faɗa.