Mene ne Wijet? Misali da Agogo Mai Hannu a Fuskar Kwamfuta

Wijet ƙaramar manhaja ce mai aiki guda ɗaya, wadda ke zaune a fili a fuskar kwamfuta ko waya, tana nuna abu ba tare da an buɗe ta ba. Akwai ta yanayin gari, akwai ta ragowar caji, da ta kalanda, da ta lokutan salla. Abin da ya raba ta da sauran manhajoji shi ne ba a shiga cikinta. Word ko Chrome sai ka buɗe, ka yi aikinka, ka rufe. Ita kuwa wijet kallo ɗaya ake yi mata a ci gaba da abin da ake yi. Kuma a cikin danginta agogo mai hannu yana cikin waɗanda suka fi daɗewa, shi ya sa da shi ya fi sauƙi a gane yadda abin yake.

Tun Windows na farko, wanda ya fito a 1985, akwai ɗan agogo mai hannu a ciki. Masu amfani da Unix, wani tsarin kwamfuta daban da Windows, su ma suna da nasu mai suna xclock, wanda har yau ana samunsa a Linux. Amma tashen wijet na sosai ya zo ne bayan 2003, lokacin da wata manhaja mai suna Konfabulator ta ba mutane damar baza ƙananan abubuwa masu kyan gani a fuskar kwamfutarsu. Yahoo ta saye ta a 2005. A shekarar ce Apple ya fito da Dashboard, wato allon wijet na kwamfutar Mac, mai ɗauke da agogon duniya wanda fuskarsa ke yin fari in rana ce a garin da ka zaɓa, ta koma baƙa in dare ya yi. Microsoft ya biyo baya a Windows Vista a 2007, ya kira nasa gajet, ya jera su a gefen allo. Da Windows 7 ya zo a 2009 sai aka sake su, kowa ya ja nasa ya ajiye inda ya ga dama. Duk wanda ya yi zamani da Windows 7 zai tuna zagayayyen agogon nan da ke saman kusurwar dama, mai fuska iri takwas da ake zaɓa.

Ga abin da na fi so mai karatu ya riƙe: wijet ɗin agogo bai san lokaci ba. Ba ya ƙirga komai da kansa. Ɗan aike ne kawai, duk daƙiƙa sai ya tambayi kwamfuta ƙarfe nawa, ya dawo ya juya hannaye. Lissafin da yake yi ma ba mai wuya ba ne. Da'ira digiri 360 ce, saboda haka hannun daƙiƙa yana matsawa digiri 6 duk daƙiƙa ɗaya, hannun minti digiri 6 duk minti ɗaya, hannun awa kuma digiri 30 duk awa, wato rabin digiri kowane minti. Da ƙarfe uku da rabi, hannun awa ya kamata ya kasance a digiri 105, tsakanin uku da huɗu daidai. A nan ake gane agogon da aka yi da kula. Wanda aka yi da gaggawa zai bar hannun awa kafe a kan uku har sai huɗu ta buga sannan ya yi tsalle, kuma irin wannan yana ruɗa ido ƙwarai, don mutum zai ga uku da minti hamsin da biyar ya zaci ukun ce ba ta cika ba.

Tunda agogon fuska ce kawai, ana iya sauya masa kama yadda ake so ba tare da an taɓa aikinsa ba. Masu harkar suna kiran wannan sikin, wato rigar da aka sa wa wijet. Rigar agogo yawanci hotuna ne kaɗan: hoton fuska, hoton kowane hannu, sai ɗan fayil na rubutu da ke faɗin inda tsakiya take da tsawon kowane hannu. Manhajar Rainmeter, wadda kyauta ce kuma ta fi kowace shahara a wannan fanni a Windows, haka take aiki. Fayil ɗin rigar ana buɗe shi da Notepad, a canza lamba, a adana, a sabunta, nan take a ga launin hannu ya sauya ko agogon ya ƙara girma. A ciki akwai layin da ke faɗin tsawon jiran da za a yi kafin a sake tambayar lokaci, kuma yawanci 1000 ake rubutawa, ma'ana duk daƙiƙa ɗaya, don an raba daƙiƙa ne kashi dubu. Mai son hannun daƙiƙa ya riƙa sulalewa ba tsalle sai ya rage lambar, amma ya sani kwamfutar za ta riƙa sake zana agogon sau da yawa, kuma batir ne zai biya kuɗin. A kwamfutar cinya da ake lallaɓa caji saboda rashin wuta, ni dai ban ga dalilin haka ba. Cire hannun daƙiƙar ma gaba ɗaya ya fi.

Wanda ba ya son taɓa fayil, danna maɓallin dama na linzami a kan agogon ya ishe shi. Nan zai ga zaɓin a bar agogon a saman kowace taga, da zaɓin mayar da shi shara-shara yadda za a iya karanta rubutun da ke bayansa, da na kulle shi wuri ɗaya kada hannu ya ja shi bisa kuskure. Rainmeter tana da wani zaɓi da ke sa danna linzami ya ratsa agogon ya faɗa kan abin da ke ƙarƙashi, kuma in aka haɗa shi da shara-shara, agogon yana nan a gabanka amma ba ya tare maka hanya.

Babban amfanin da na gani shi ne ajiye agogo biyu ko uku, kowanne da sunan garinsa. Najeriya da Nijar lokacinsu ɗaya. Makka tana gabansu da awa biyu, Khartum da awa ɗaya, Accra kuma tana baya da awa ɗaya. Landan ce mai rikitarwa: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinta daidai yake da na Kano, sauran watannin kuma tana baya da awa ɗaya. Wijet mai kyau zai bi wannan sauyi da kansa in aka zaɓa masa gari, amma in aka rubuta masa bambancin awa da hannu, rabin shekara ƙarya zai yi ta faɗi.

To, in agogon ya nuna lokacin da ba daidai ba fa? Kada a wahala da cire shi a sake sakawa, laifin ba nasa ba ne. A duba yankin lokacin da aka saita wa kwamfutar, don na gwanjo da yawa suna zuwa da lokacin ƙasar da aka ɗauko su. A kunna daidaita lokaci ta intanet. In kuma duk sanda aka kashe kwamfutar aka kunna sai kwanan wata ya koma shekarun baya, ɗan batir ɗin nan mai kama da kwabo da ke cikinta ne ya mutu, wanda galibi lambarsa CR2032, kuma mai gyara zai canza shi cikin ɗan lokaci.

Saura maganar tsaro, wadda ba ta wasa ba ce. Ƙanƙantar wijet kan sa a raina ta, alhali manhaja ce cikakkiya, kuma a tsarin Vista da Windows 7 tana iya taɓa duk abin da mai kwamfutar zai iya taɓawa. A watan Yulin 2012 Microsoft da kansa ya shawarci mutane su kashe gajet saboda ɓarayin intanet na iya bi ta nan su shigo, kuma Windows 8 ya fito babu su. Apple ma ya cire Dashboard a 2019, kafin ya dawo da wijet kan fuskar Mac a sabon tsari a 2023. Don haka in wani shafi ya yi maka tallar agogo mai ƙyalli, ya ce ka sauke fayil mai ƙarewa da .exe, kuma ba ka san masu shi ba, ka bar shi. Ka ɗauko daga Microsoft Store, ko ka sauke Rainmeter daga shafinta na asali, sannan ka buɗe fayil ɗin rigar ka leƙa kafin ka saka. Mai amfani da Linux na KDE Plasma ba ya ma buƙatar sauke komai, agogo mai hannu yana cikin jerin wijet da tsarin ya zo da su.