Dunwich: Garin da teku ya ci, littattafai suka kumbura shi

A gaɓar gabashin Ingila, cikin gundumar Suffolk, akwai wani ƙauye mai suna Dunwich. Mutanensa ba su wuce ɗari biyu ba. Amma duk wanda ya buɗe tsofaffin kundayen garuruwan Ingila zai ga an ware masa fili kamar na babban birni, domin a da can tashar jiragen ruwa ce mai arziki, sai teku ya riƙa gutsurar ta har ya kusa gamawa da ita.

Rubutu mafi daɗewa da za a iya dogara da shi ba na matafiyi ba ne, na masu haraji ne. A shekarar 1086 Sarki William ya sa aka ƙidaya dukiyar ƙasar a kundin Domesday. Malaman sarki sun rubuta cewa Dunwich na da coci uku, da 'yan gari masu cikakken 'yanci 236, kuma yana biyan fam 50 da kifin herin 60,000. A wajen gonaki kuma suka ce da akwai kashi biyu, yanzu saura ɗaya, teku ya tafi da ɗayan. Ba kuka, ba ƙarin gishiri. Wato tun garin na kan tashe ruwa ya riga ya fara cin sa.

A 1199 Sarki John ya ba garin takardar 'yancin tafiyar da harkokinsa. Abin da ya karya shi guguwa ce, musamman ta 1286 da ta 1328. Igiyar ruwa ta turo tsakuwa ta toshe bakin tashar, kogin Blyth ya sake hanya ya ɓulla teku ta arewa, wajen Walberswick. Jirage suka bi ruwa, kuɗin fito ya bi jirage. Gangaren da garin ke kai kuwa rairayi ne mai laushi, sai unguwanni suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan ne masu alƙalami suka shigo. William Camden, a littafinsa Britannia da ya fito da Latin a 1586, ya ce nan ne Dommoc, inda Bishop Felix ya kafa kujerarsa wajajen shekarar 630. Da yake Camden ne uban masu sana'ar rubuta tarihin garuruwa, na bayansa suka yi ta kwafe maganar har ta zauna daram. Masana na yau sun rabu: wasu na ganin Dommoc na kusa da Felixstowe ne, a wani wurin da shi ma teku ya haɗiye.

Wanda na fi daɗewa a kan shafinsa shi ne Daniel Defoe. A littafin zagayensa na Birtaniya, wanda kashin farko ya fito a 1724, ya jera Dunwich da Kartaj da Rum da Birnin Ƙudus. Ya ce rushewar waɗancan ba ta ba shi mamaki, tunda manyan biranen dauloli ne da suka faɗi tare da daulolinsu. Wannan kuwa ba yaƙi ba annoba, ruwa ne kawai. Sannan ya yi abin da ya kamata a yaba masa: ya ce ana faɗin wai garin ya taɓa samun coci hamsin, amma shi guda ɗaya ya gani, ita ma ko rabi ba ta cika ba. Ya raba abin da kunne ya ji da abin da ido ya gani. Kuma da yake ɗan kasuwa ne, bai bar wurin ba sai da ya lura cewa ana lodin man shanu da cuku da hatsin yankin a Walberswick.

Wannan "wai" ɗin ne ke yawan faɗuwa a hanya idan ana kwafe daga littafi zuwa littafi. Ruwayar coci hamsin da biyu, da fadar sarki, da gidan buga kuɗi, ta yi ta yawo shekara da shekaru. Abin da takardu suka tabbatar bai wuce cocin unguwa takwas ba, sai gidajen masu zaman ibada da na jinyar marasa lafiya. Takwas ɗin ma ai ba ƙaramin gari ba ne a wancan zamani, kuma abin yana damuna yadda ƙarin gishirin ke rufe ainihin girman asarar.

A 1754 Thomas Gardner, jami'in harajin gishiri a Southwold, ya wallafa tarihin garin. Shi maƙwabci ne, ba mai wucewa ba. Ya ba da labarin guguwar 1740 da ta tone kaburbura, ya kuma saka kwafin taswirar da Ralph Agas ya zana a 1587.

Kundayen ƙarni na 19 suna da nasu salon: nisan gari daga Landan, yawan jama'a, ranar kasuwa, kuɗin shigar limamin coci. Lokacin da na Samuel Lewis ya fito a 1831, Dunwich na tura wakilai biyu majalisar dokoki, da masu zaɓe 32 kacal. Dokar gyaran zaɓe ta 1832 ta kwace kujerun. Kafin John Marius Wilson ya fitar da nasa tsakanin 1870 da 1872, abin da ya rage a rubuta tarihi ne da kango.

Cocin All Saints, wadda ita ce ta ƙarshe cikin tsofaffin, ta fara zubewa daga kan gangaren a 1904, hasumiyarta ta faɗi a 1919. Wannan karon akwai masu ɗaukar hoto. Daga 2008 masu bincike na Jami'ar Southampton, ƙarƙashin Farfesa David Sear, suka shiga ruwan da na'urorin da ke gano abu da amon sauti, domin duhun laka ba ya barin mai nutso ya ga komai. Sun gano ɓaraguzan coci-coci a ƙasan teku, kuma tsofaffin taswirori irin ta Agas ne suka taimaka wajen sanin wace ce wace.