Majo da jama'arsa: tambayoyi kan yarda a asibiti

Ilimin aikin lafiya bai ishi shugaban asibiti ba?

Bai isa ba. Dubi majo, wato shugaban ƙaramin asibitin gwamnati da ake kira CSI, a ƙauyukan Madarunfa ko Gidan Rumji. Yana tare da ungozoma, mai ba da magani, mai shara, ga kuma kwamitin mutanen gari. Rabin yininsa yana ƙarewa ne wajen sasanci, rabon gadin dare, da lallashin ma'aikaciyar da yawan masu zazzaɓin damina ya hana ta runtsawa.

Ina yarda ke shigowa?

Wajen magani. Tun 2006 Nijar ta ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, amma kuɗin da gwamnati ke mayar wa asibitoci yakan makara, magani ya yanke. Uwa ta ji a rediyo cewa kyauta ne, ta goyo ɗanta daga nesa, sai a miƙa mata takarda a ce ta je ta saya. Idan majo ya tsaya ya ce mata, "Inna, ki yi haƙuri, wannan ya ƙare mana, ga dalili, ga inda za ki samu mai kyau," za ta tafi da ɓacin rai amma za ta dawo. Idan aka cilla mata takardar ba bayani, kafin magariba unguwa ta ɗauka ɓoyewa ake ana sayarwa. Gobe wajen mai maganin tebur za ta nufa.

Jita-jita na iya rusa aiki haka?

Sosai. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna saboda zargin allurar, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen maƙwabta. Sai da sarakuna da malamai suka sa baki. Shi ya sa majo mai wayo yake gaida mai gari da liman tun kafin ranar da zai buƙace su.

To, tsoron shugaba ba ya gyara aiki?

Yana sa a zo da wuri, iyakarsa ke nan a ganina. Ma'aikacin da ake wa tsawa gaban majinyata, in ya ba yaro magani fiye da kima shiru zai yi. Wanda ya san za a ja shi gefe zai faɗa da wuri, a ceci yaron.

Ana koyon wannan hali?

Ana koyo, galibi daga majon da mutum ya fara aiki a ƙarƙashinsa.