Wayarka Na Kiranka, Amma Wa Ke Bayan Ƙarar?

Jama'a, a 'yan shekarun nan mu ma'aikatan lafiya mun ƙara tambaya ɗaya a kan tambayoyin da muke yi wa masu zuwa awon hawan jini. A da mukan tsaya a kan gishiri, da sinadarin ɗanɗano, da taba, da yawan tunani. Yanzu dole ta sa muna tambaya: ƙarfe nawa kake ajiye waya da dare? Amsar da muka fi ji ita ce, "Wallahi Malama, sai dai barci ya sace ni tana hannuna." Sai mutum ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da laifi, yana ganin rashin ƙarfin zuciyarsa ne kawai.

Ba rashin ƙarfin zuciya ba ne kaɗai. Abin da ke hannunka an zauna an tsara shi ne don ya sauya maka ɗabi'a, kuma akwai fannin ilimi sukutum da ke nazarin yadda ake yin haka. Ina so mu san shi, domin da ilimin nan ake ceton rai, da shi kuma ake cinye wa mutum dare.

A ƙarshen shekarun 1990, wani masani mai suna B.J. Fogg ya kafa ɗakin bincike a Jami'ar Stanford da ke Amurka, aikinsa gano yadda kwamfuta za ta iya lallashin ɗan Adam ya yi abu ko ya bari. A 2009 ya fito da wani tsari mai sauƙin ganewa. Ya ce kafin mutum ya aikata abu sai abubuwa uku sun haɗu a lokaci guda: ya kasance yana so, abin ya zo masa da sauƙi, sannan wani abu ya tuna masa a daidai wannan lokacin. Ɗaya ya ɓace, aiki ya tsaya. Mu ma'aikatan lafiya muna ganin gaskiyar wannan kullum. Uwa tana son ɗanta, asibiti ga shi kusa, allura kyauta ce, amma rigakafin mako 14 ya wuce ta saboda babu abin da ya tuna mata ranar. Ba ƙin rigakafi take yi ba, hidimar gida ce ta sha kanta.

A Turai kuma wasu suka ɗauki wata hanyar. Suka ce me zai hana kwamfuta ta tashi daga kan tebur ta shige cikin kayan gida, cikin fitila da madubi da bango, ta riƙa lura da mai gida tana taimakonsa ba tare da ya latsa komai ba? Kamfanin Philips har gida ya gina na gwaji a birnin Eindhoven na ƙasar Holan a 2002, mutane su shiga su zauna, masu bincike na kallon yadda suke mu'amala da kayan. Daga irin wannan tunani aka samu agogon hannu mai ƙirga taku da murfin kwalbar magani mai walƙiya idan lokacin sha ya yi.

Wani gwaji da ya burge ni shi ne na birnin Seattle, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2008. An sa wa mutane hoton lambu a fuskar wayarsu. Idan ka yi tafiyar motsa jiki fure ya fito, idan ka cika abin da ka ɗaukar wa kanka na mako sai malam-buɗe-littafi ya bayyana a kan furannin. Babu faɗa, babu gargaɗi. Duk sanda ka ɗaga waya don duba lokaci sai ka ga lambunka. A watanni ukun da aka yi ana gwajin, masu lambu sun riƙe motsa jikinsu, waɗanda ba a sa musu ba kuwa nasu ya ja baya.

To mu dawo nahiyarmu, inda darasin ya fi girma. A Kenya an yi bincike da mutum 538 da suka fara shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki, aka wallafa shi a mujallar The Lancet a 2010. An raba su gida biyu. Kashi ɗaya duk ranar Litinin da safe saƙo na shigo musu da kalma ɗaya tak ta Swahili, ta tambayar lafiya. Mutum ya amsa cewa lafiya lau, ko ya ce akwai matsala. Wanda ya ce akwai matsala, ko aka ji shi shiru har kwana 2, sai nas ta ɗaga waya ta kira shi. Bayan shekara guda, kusan kashi 62 cikin 100 na masu samun saƙo suna shan magani yadda ya kamata, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 50. Gwajin jini ma ya nuna ƙwayar cutar ta fi kwantawa a jikin masu samun saƙon, kashi 57 a kan 48. Ku lura, saƙon bai ambaci sunan cuta ba, bai ambaci magani ba. Ko wani ya ɗauki wayar, gaisuwa kawai zai gani. An rufa wa mara lafiya asiri, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidan da waya ɗaya ke yawo tsakanin miji da mata da 'ya'ya.

A maƙwabciyarmu Kamaru, a birnin Yawunde, an gwada wani abu mai kama da wannan da mutum 200, sakamakon ya fito a 2012. Su ma saƙo ake tura musu duk mako, na ƙarfafa gwiwa da tunatarwa. Bayan wata 6 ba a ga wani bambancin kirki ba tsakanin masu samun saƙo da waɗanda ba sa samu. A ganina babban abin da ya raba gwajin biyu shi ne, na Kenya hira ce. Ana tambayarka, ana jiran amsarka, kuma ka san idan ka yi shiru akwai wadda za ta neme ka. Mara lafiya ba na'ura yake amsa wa ba, nas ɗinsa yake amsa wa.

Indiya ma ta koya mana irin wannan. A 2014 masu bincike na Microsoft a birnin Bangalore suka fito da wata dabara da ake kira 99DOTS don masu tarin fuka. Ana sa katin ƙwayoyin cikin wani ambulan na takarda. Idan ka ɓalle ƙwayoyin yau, sai ka ga lambar waya ɓoye a ƙarƙashinsu, ka kira ta kyauta, kwamfuta ta rubuta cewa ka sha. Ma'aikacin lafiya yana zaune yana ganin wanda ya kira da wanda bai kira ba. Dabara ce mai kyau, ta rage wa marasa lafiya zaryar zuwa asibiti kullum. Amma da aka bi mutane gida aka gwada fitsarinsu don ganin ko akwai alamar maganin a ciki, sai aka tarar akwai masu kira ba su sha ba, akwai kuma masu sha ba su kira ba, wani saboda wayar ba tasa ba ce, wani saboda rashin sabis. Ashe na'ura ba ta raba mu da zuwa gida mu zauna da mara lafiya ba.

Wannan ke nan idan wanda ke bayan ƙarar lafiyarka yake nema. Yanzu ku duba ɗaya gefen.

Facebook da TikTok da YouTube ba sa karɓar ko kwabo a hannunmu kafin mu shiga, amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, kusan duk kuɗin shigarsa daga talla suke zuwa, talla kuwa tana tsada ne gwargwadon daɗewar idonka a kan allo. Saboda haka abubuwa ukun nan na Fogg duk an haɗa maka su. Tunatarwa: ɗigon ja a kan manhaja da ƙarar da ke shigowa. Sauƙi: ba sai ka nemi bidiyo na gaba ba, shi zai kunna kansa. Shafin da ba ya ƙarewa komai jan da ka yi masa, wani injiniya mai suna Aza Raskin ne ya ƙirƙiro shi a 2006, kuma daga baya ya fito fili ya nuna nadamarsa. Kamar a ajiye maka kwanon tuwo ne ana ƙara maka ta ƙasa ba ka sani ba. Tunda ba ka ga gindin kwano ba, ba za ka ce ka ƙoshi ba. Shi kuma son abin, tun tuni masanin halayya B.F. Skinner ya nuna da tattabaru cewa idan lada na zuwa ba a san lokacin zuwansa ba, tsuntsu ya fi nacewa da saran maɓalli. Bidiyo biyar marasa daɗi, na shida ya ba ka dariya, sai ka ci gaba da ja kana neman na gaba. Manhajojin caca da suka addabi samarinmu a kan wannan tushe aka gina su.

Jiki ne ke biyan kuɗin. Babban mutum na buƙatar barcin awa 7 ko fiye, kuma ƙarancin barci na da alaƙa da hawan jini da ciwon suga. Game da yara, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019: ɗan ƙasa da shekara 2 kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana, in an rage ya fi. Abin yana damuna idan na ga uwa a layin awo ta miƙa wa ɗan wata goma waya don ya yi shiru. Na san gajiya ce, ba na zarginta. Amma yaro daga fuskar uwarsa da muryarta yake koyon magana. Hukumar ta kuma sa jarabar wasannin bidiyo cikin jerin cututtukan da ta amince da su, jerin da ya fara aiki a 2022. Ostireliya kuwa a 2024 ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan dandalin sada zumunta.

Abin da nake roƙonku ba jefar da waya ba ne. Ku juya dabarar nan ta koma yi muku aiki. Abin da kake son ragewa, cire masa tunatarwa, ka sa masa wahala. Shiga saitin waya ka kashe sanarwar duk manhajar da ba mutum ne ke nemanka ta cikinta ba. Kashe kunna-kai na bidiyo. Da dare a sa waya caji nesa da shimfiɗa, inda sai ka tashi tsaye kafin ka kai gare ta. Wayoyin Android da iPhone suna da wurin da ke nuna awa nawa ka ɓata a kowace manhaja. Duba naka sau ɗaya, ka gani da idonka.

Abin da kake son riƙewa kuma, ɗaure shi a jikin abin da ba ka taɓa mantawa. Mu nan Allah ya ba mu tunatarwa sau biyar a rana. Wani dattijo mai hawan jini da ke zuwa wurinmu ya daɗe yana tsallake magani, jininsa ya ƙi sauka. Na ce, "Baba, ina kake ajiye carbinka?" Ya ce a kan wata 'yar kanta kusa da darduma. Muka yi shawara a ajiye maganin nan, sama inda jikoki ba za su kai ba, da ya sallame Asuba ya miƙa hannu ya sha. Ɗansa ya sa masa ƙararrawa a ƙaramar wayarsa mai madannai, ya kuma ɗauki nauyin kiransa duk Juma'a ya tambaye shi ƙwayoyi nawa suka rage. Kiran nan na ɗansa ya fi ƙararrawar aiki.

Iyaye mata, a ranar da aka yi wa jariri allura, kafin ki bar asibiti ki sa a rubuta miki ranar dawowa a waya, ba a kati kaɗai ba: mako 6, mako 10, mako 14, da wata 9. Idan wayar ba taki ce ke kaɗai ba, kuma maganin na sirri ne, kada a rubuta sunan cuta a jikin ƙararrawar. Wata kalma da ke kaɗai kika san ma'anarta ta isa. Duk manhajar da ta nemi bayanan lafiyarka, tsaya ka tambayi wa zai gani. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, kuma babu ma'aikacin lafiya na gaskiya da zai nemi lambar sirrin bankinka ta saƙo.

Idan kuma asibiti na turo maka saƙo, don Allah ka amsa, ko da amsar ita ce ba ka sha ba. Mai shan maganin tarin fuka, yawanci wata 6 ne ko fiye, kada ka tsaya don tari ya lafa. Fitsari ya koma ja-ja ko ruwan lemo, wannan aikin ɗaya daga cikin ƙwayoyin ne, ba abin tsoro ba. Amma idan idanu suka yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ƙuraje suka feso a jiki, kada ka jira saƙon mako mai zuwa. Ka zo asibiti a ranar, da katin maganinka a hannu.