Tallafin gwamnati ga ƙananan masu sana'ar abinci masu shirin fitar da kaya waje

Tallafin fitar da kaya waje shi ne taimakon da hukumomin gwamnatin Nijeriya ke bai wa ƙananan masu sana'ar abinci ta fuskar rajista da horo da rance da tantance inganci, domin kayansu su cika sharuɗɗan kasuwannin ƙetare. A Jihar Sakkwato lamarin ya fi shafar masu albasa da tafarnuwa na yankunan Goronyo da Wurno da Gada, waɗanda tun da daɗewa kayansu ke tsallakawa zuwa Birnin Konni da ke Jamhuriyar Nijar ta iyakar Illela.

Ƙofar farko ita ce hukumar NEPC mai bunƙasa fitar da kayayyaki, wadda aka kafa a 1976. Ita ke ba da takardar shaidar mai fitar da kaya ga kamfani ko ƙungiyar gama kai mai rajista, abin da ya sa haɗa kai ya fi wa ƙaramin ɗan kasuwa sauƙi. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana tantance abincin da aka sarrafa, hukumar NAQS mai duba lafiyar dabbobi da tsirrai a kan iyakoki kuma tana ba da takardar lafiyar amfanin gona, yayin da bankin NEXIM na harkar shigo da kaya da fitar da su ke ba da rance tun 1991.

Tallafin kuɗi mafi shahara shi ne EEG, wato tallafin faɗaɗa fitar da kaya waje, wanda ya samo asali daga wata doka ta 1986, sai dai ba a biyansa sai an fitar da kaya an kuma dawo da kuɗin cinikin ta banki. Saboda haka manyan kamfanoni ne suka fi cin moriyarsa, alhali mai buhunan albasa tun kafin kaya su tashi yake bukatar jari, domin ajiya da busarwa da gwaji da ƙunshewa. Batun inganci kuwa ba ƙarami ba ne: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, lamarin da ya sa horo kan ajiya ya ƙara muhimmanci.

Akwai kuma abin da tallafi ba ya maganinsa. An rufe iyakokin tudu a watan Agustan 2019, Illela na cikin waɗanda aka fara buɗewa a Disambar 2020, sannan aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023, ga albasa kuma ba ta jure dogon jira a kan mota.