Waiwaye: Dashen da ba ya ganin bazara a harabar manyan makarantunmu

Duk shekara idan damina ta yi tsakiya, hotuna iri ɗaya ke cika Facebook daga manyan makarantun Zamfara: baƙi cikin manyan riguna an durƙusa, ga dashe a baƙar leda, ga buta ana zuba ruwa, ɗalibai a baya da korayen riguna. Idan Maris ya kama sai wasu hotunan su biyo baya, ramuka a jere, kowanne da busasshen tsinke a tsakiyarsa. Daga nan gardama ta tashi. Wannan ya ce awakin unguwa ne, wancan ya ce gara ce, wani ya ce ɗaliban yanzu ba su san darajar komai ba. Su kuma ɗaliban su ce mutumin da ke sayen jarkar ruwa wurin ɗan garuwa don ya yi alwala, da me zai shayar da itace? Bana ma an maimaita, an haɗa da zancen ledar fiya wata da ta toshe magudanai da zancen sola, kamar dai yau matsalar ta faɗo daga sama.

Farkon labarin kowa ya san shi. Dogon yaro, wanda asalinsa Indiya ne, ya shigo Arewa zamanin Turawa, ya karɓi ƙasarmu har yaran yau suna zaton ɗan gida ne. Farin 1973 ya kashe dabbobi, ya tayar da garuruwa, ya shigar da zancen gurgusowar hamada bakin kowa. Aka buɗe wuraren renon dashe, aka ja shingayen itatuwa a arewacin tsohuwar jihar Sakkwato, wadda Zamfara ke cikinta har 1996, ranar dashen itace ta zama bikin shekara-shekara. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin katafariyar ganuwar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, kuma Zamfara na cikin jihohi 11 da rabon Najeriya ya ratsa, daga Kebbi zuwa Borno. Duk wannan yana cikin jawabin da ake karantawa kafin a durƙusa da buta.

Abin da ban taɓa ji an ambata a irin wannan taro ba shi ne abin da ya faru a Maraɗi, wadda iyakarta ke manne da tamu ta wajen Zurmi, a 1983 da 1984.

A lokacin akwai wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aikin dashen itatuwa a ƙauyukan Maraɗi. Irin aikin da muke yi yau shi yake yi: a reni dashe a leda, a loda a mota, a kai ƙauye, a dasa, a kewaye. Mafi yawa ba sa rayuwa. Iska mai yashi ta binne wasu, awaki su cinye wasu, rana ta ƙarasa sauran. Wata rana a 1983 ya tsaya a hanya yana rage wa tayoyin motarsa iska don ta iya ratsa yashi, sai idonsa ya faɗa kan ɗaya daga cikin 'yan ƙananan kurmin nan da ke warwatse a gonaki, waɗanda ya daɗe yana ɗauka ciyawar banza ce. Da ya matsa ya duba ganyen, sai ya ga itace ne sosai. An sare shi shekaru da suka wuce, kututturen da saiwarsa suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, kowace shekara yana fitar da toho, kowace shekara kuma manomi ya zo sassabe ya kwashe tohon ya cinna masa wuta.

Dabarar da ta biyo baya ba ta da wani tsada. A kowane kututture a zaɓi toho ɗaya zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, a datse sauran, a rage ƙananan rassan ƙasa, a bar su su tashi. Tunda saiwar tsohuwa ce, ta riga ta nutsa ta kai ga danshi, ba ta jiran buta, ba ta jiran tanka. Dashen leda kuwa jariri ne, saiwarsa ba ta fi tafin hannu ba, kuma an ajiye shi a ƙasar da ruwan sama ke ɗaukewa a Oktoba, ba ya dawowa sai wajen Mayu ko Yuni. Wata bakwai yana neman mai shayar da shi, a daidai lokacin da rijiyoyi ke ja da baya.

Da farko manoma 'yan kaɗan ne suka yarda, ana yi musu dariya, domin a idon mutanen lokacin manomin kirki shi ne mai gona fes, ba ko tsinke. Sai yunwar 1984 ta zo. Aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin toho a gona, a ƙauyuka kusan 100, aka bar itatuwa wajen 500,000. Da yunwa ta wuce, rabon abinci ya tsaya, aka sare kusan kashi biyu cikin uku. Wanda ya zo duba aikin a wannan gaɓar zai rubuta cewa ya rushe. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga iska ta daina binne musu shuka, matansu sun daina doguwar tafiyar neman itacen girki, dabbobi sun sami ganye da 'ya'yan itace da rani, gero kuma bai ragu ba. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Suka sa masa suna sassaben zamani. A tsakiyar shekarun 2000, masu bincike da suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da sababbi sun ƙiyasta cewa abin ya mamaye hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, itatuwa kimanin miliyan 200, galibinsu ba wanda ya dasa su. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta duniya a kan wannan aiki.

Kada a ce na zo yabon Bature. Shi da kansa bai ce ya ƙirƙiro wani abu ba, kuma duk wanda ya tashi a ƙauye ya san kakanninmu ba sa taɓa gawo a gona. Sun san yana zubar da ganye da damina, ya bar wa gero rana, ya yi ganye da rani lokacin da dabba ke neman inuwa da abinci, ƙarƙashinsa kuma ya fi ko'ina albarka. Ɗorawa da kanya da tsamiya da kaɗanya duk suna da masu su, har gadonsu ake yi. Abin da ya sauya tunani shi ne noman sayarwa. Da jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda a 1929, gyaɗa da auduga suka zama kuɗi, garmar shanu ta shigo, ita kuwa garma ba ta shiri da kututture. A hankali tumɓuke itace ya zama alamar wayewa, barinsa ya zama lalaci. Mutanen Maraɗi yunwa ta sa sun waiwayi tsohuwar hanya. Mu a wannan gefen iyaka, harshe ɗaya, ƙasa iri ɗaya, sabara da kalgo da geza iri ɗaya, muka ci gaba da leda.

Wani abu kuma ya taimaki manoman Nijar. Dokar daji da suka gada tun mulkin mallaka ta sa manomi yana ganin itacen da ke gonarsa ba nasa ba ne, in ya sare reshe ana iya cin sa tara, don haka gara ya kashe shi tun yana toho. Da aka sassauta, daga baya dokar 2004 ta ƙarfafa haƙƙin manomi a kan itacen gonarsa, sai kowa ya zama mai gadin nasa.

To, a ɗauko wannan a aza a kan harabar makaranta. Babbar makaranta a wajen gari ake ba ta fili, kuma filin nan gonakin mutane ne a da, cike da tsofaffin itatuwa da kututture masu rai. Abu na farko da ke shiga shi ne katafila. Ba inda za a yi gini kaɗai take sharewa ba, har inda ba za a aza bulo ba nan da shekara ashirin, saboda fili tas shi ne ke nuna aiki ya kankama. Tana tafiya da baƙar ƙasar sama, ta bar jar marmara. Bayan an gama gini, zafi ya ishi kowa a aji da ɗakin kwana, sai a tuna da inuwa, a aika a sayo dashe, wani lokacin ma itatuwan ado masu shan ruwa kamar raƙumi. Inda katafila ba ta kai ba, toho na fitowa duk damina, amma da kaka ta yi sai a sa leburori su bi shi da adda, a tara a ƙone, a kira shi tsaftace muhalli. Hannu ɗaya na dasawa, ɗayan na sarewa, kuma a takarda duka biyun aikin kare muhalli ne.

Abin takaicin, babu wurin da ya fi dacewa da sassaben zamani kamar harabar makaranta. Babban abin da ke wahalar da manomin Maraɗi shi ne dabbobi masu yawo da masu saran dare. Makaranta kuwa ga katanga, ga masu gadi, ga ɗalibai dubbai, wasunsu ma aikin gona da kimiyyar tsirrai suke karantawa.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba ta wasa ba ce. A Zamfara ta yau ba wanda ke son duhuwa kusa da ɗakin kwanan ɗalibai, balle na mata, ga kuma macizai. Sai dai duhuwa daga kurmin da aka bari ya cunkushe take zuwa, ko wanda ake sarewa yana sake fitowa da rassa ashirin a ƙasa. Wanda aka datse aka bar masa gangar jiki ɗaya sama yake tafiya, kana tsaye kana hango abin da ke bayansa. Kuma halin tsaron nan ya ƙara wa itacen cikin katanga daraja, domin tunda shiga daji mai nisa ya zama kasada, gatarin masu neman itace da gawayi ya dawo kan na bakin gari.

Sai batun mai shi. Waɗanda suka yi makarantar kwana a da suna ba da labarin yadda ake ba ɗalibi itacensa, ya shayar da shi kafin karin kumallo, in ya bushe ya amsa tambaya. Yanzu yawancin ɗaliban manyan makarantu a gari suke haya. Ƙungiyar da ta yi dashe a Agusta shugabanninta na ajin ƙarshe ne, kafin hunturu sun karɓi sakamako sun tafi. Rahoton da ake rubutawa adadin da aka dasa yake ƙirgawa, domin shi ake iya ɗauka a hoto rana ɗaya. Adadin da ya rayu sai an dawo bayan shekara biyu, lokacin kuwa an shiga hidimar wani bikin.

A wata makaranta da na yi aiki, akwai wani dattijo cikin masu sharar fili da ya bar magarya biyu da aduwa ɗaya a bayan ɗakin gwaje-gwaje, inda ba mai zagayawa. Da na same shi yana rage musu rassa na ce, "Baba, ba za a yi maka faɗa ba?" Ya ce, "Malam, ai icce ba ya mutuwa don an sare shi, kwana yake yi. Waɗannan tun gonar tana hannun masu ita suke nan." Ban taɓa ganin ya zuba musu ko kofi ɗaya na ruwa ba. A shekarar an dasa layi biyu na dashen leda daga bakin ƙofa zuwa ofis, da tanka da kewayen waya. Lokacin da na bar wurin, a ƙarƙashin aduwar Baba ɗalibai ke shimfiɗa tabarma suna bitar jarrabawa, masu babur kuma suna rigimar wurin ajiye abin hawa a inuwar magaryar. Layin bakin ƙofa an sake haƙa ramukansa sau biyu.