Waiwaye: Yadda Kalkulas Ya Yi Shekaru Yana Aiki Kafin a Gyara Tushensa

Tambayoyi biyu ne suka haifi reshen lissafi da ake kira kalkulas: yaya za a auna girman fili mai lanƙwasassun gefuna, kuma yaya za a san saurin abu a daidai wani lokaci, alhali saurin nasa sai sauyawa yake yi. Ta farko ce ta riga. A ƙarni na 3 kafin Miladiyya, Arkimidis na birnin Sirakus ya zana siffa mai gefe 96 a cikin da'ira, ya zana wata a wajenta, ya nuna cewa lambar pi, wato abin da ake samu idan aka raba tsawon zagayen da'ira da faɗinta, tana tsakanin 3 da 10/71 da kuma 3 da 1/7. Dabarar ita ce a matse abin da ake nema daga sama da ƙasa har ya rasa wurin gudu. Tana ba da amsa daidai, sai dai kowace siffa sai an sake mata sabuwar hujja tun daga farko.

Wasu ma sun taɓa wannan aiki. A Alƙahira, Ibn al-Haytham, wanda ya rasu wajen 1040, ya gano yadda ake tara lambobin da aka ninka kowannensu da kansa sau huɗu, don ya auna cikin wata siffa mai kama da ƙwarya. A Kerala ta Indiya, Madhava a ƙarni na 14 ya kai ga jerin da ba ya ƙarewa: 1 − 1/3 + 1/5 − 1/7 da sauransu, wanda jimillarsa rubu'in pi ce.

Abin da Isaac Newton da Gottfried Leibniz suka yi shi ne haɗa tambayoyin nan biyu: neman sauri da neman girman fili, kowanne yana warware ɗayan. Newton ya yi nasa a 1665 zuwa 1666, lokacin da annoba ta sa aka rufe Jami'ar Kambirij, amma ya yi ta jan ƙafa wajen bugawa. Leibniz ya ƙirƙiro alamar ∫ ta neman girman fili a 1675, ya buga aikinsa a 1684. Daga nan rigima ta ɓarke kan wa ya riga wa. A 1712 ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan ta fitar da rahoton da ya ba Newton gaskiya, amma Newton ne shugabanta, kuma shi ya rubuta rahoton da hannunsa. Yau masana tarihi sun yarda kowannensu ya gano abin da kansa. Alamomin Leibniz, irin su dy/dx, su ne suka fi sauƙin aiki, kuma Ingila ta daɗe tana baya saboda ta ƙi karɓarsu.

Matsalar da ta fi rigimar girma tana cikin lissafin kansa. A ɗauki dutse da aka saki daga sama: nisan da ya faɗo kusan mita 5 ne sau daƙiƙoƙi sau daƙiƙoƙi, wato 5t². Tsakanin daƙiƙa 3 da 3.1 ya yi mita 3.05, saurinsa ke nan mita 30.5 a daƙiƙa. Tsakanin 3 da 3.01 kuwa, 30.05. Idan an kira tazarar h, amsar ita ce 30 + 5h. Mutanen wancan zamani sai su jefar da h, su ce saurin 30 ne. To amma da h ɗin aka raba tun farko, kuma ba a rabawa da sifili. In sifili ce, rabawar ta lalace. In ba sifili ba ce, da wace hujja aka yar da ita? Wannan shi ne sukar da George Berkeley, wani bishop ɗan Ailan, ya yi a 1734, kuma gaskiya ya faɗa. Duk da haka aka ci gaba da lissafin tafiyar taurari da wannan hanya, amsoshi kuma suna fita daidai.

Gyaran ya zo ne a ƙarni na 19. Augustin-Louis Cauchy a Faransa, cikin 1821, ya kafa kalkulas a kan batun iyaka, Karl Weierstrass a Jamus ya ƙarasa shi. Ba a cewa h ta zama sifili. Ana cewa ne: duk kusancin da kake so da 30, ko 0.001 ne, akwai h da za ta kai ka can. A nan duk h da ta gaza 0.0002 ta isa. A 1872 Weierstrass ya nuna layin da bai yanke ko'ina ba, amma babu wuri ko ɗaya da za a iya auna gangararsa, abin da ya nuna dogaro da zane kaɗai na iya yaudara.

Tsohuwar matsalar h tana nan a kwamfuta. Lambobinta na yau da kullum suna riƙe kusan gurbi 16 ne kawai, don haka idan aka ɗauki h ƙasa da 0.0000000000000001, sai 3 + h ta koma 3, amsar ta fito sifili maimakon 30.